Yadda za ka sabunta kujerun tsohuwar Fijo 504 ba tare da ka ɓata mata kamanni ba

Fijo 504 ɗin mahaifinmu ta yi shekaru a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, tayoyi sun lotse, kaji na kwana a ƙarƙashinta, yara sun mayar da bonet ɗin allon rubutu. Da na ɗauri aniyar tashinta na zaci injin ne zai ba ni wahala, ashe ba shi ba ne, bakanike ya gama da inji cikin sati uku, fanel bita da mai fenti su ma suka yi nasu. Kujeru ne suka ci min kuɗi har sau biyu. Na farkon da na kai wa ya yi min aiki cikin kwana biyu kacal ina ta murna wai na samu mai sauri, ashe sabuwar leda kawai ya ja a kan ruɓaɓɓen soso ya ɗaure, ko wata biyu ba a yi ba kujerar direba ta koma kamar kwarya, in na zauna sai in ji ƙarfe na sukar cinyata. Abin da ya fi ci min rai ma ya zubar da tsohuwar rigar kujerun gaba a bola. Daga nan ne na je na zauna wajen wani dattijo mai ɗinkin kushin na mota, na ga yadda ake yi tun daga farko har ƙarshe, wasu abubuwan da hannuna na yi. Shi ne nake so in zayyana maka, ko da kanka za ka yi ko kaiwa za ka yi a yi maka ka tsaya a kai.

Kafin ka taɓa komai ka fara sanin wace 504 ce a hannunka. Motar nan a 1968 Peugeot suka fito da ita a Faransa, a 1969 ta ci kyautar motar shekara ta Turai, kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna kuma ya fara haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, alhali a Faransa tun 1983 aka daina yin salun ɗin. To ka ga motar da aka yi ta tsawon wannan lokaci cikinta ba zai zama iri ɗaya ba, akwai GL akwai GR akwai SR, ga wagon mai kujera layi uku da aka sha lodin fasinja da ita daga Kano zuwa Jos, ga a-kori-kura. Wata yadi ce wata leda ce, wata abin tokare ƙeyarta shigewa yake cikin majingina wata kuma a sama yake tsaye. Saboda haka hoton da za ka gani a intanet na wata 504 ɗin Bature ba lallai ya yi daidai da taka ba. Tsohuwar rigar da ke jikin kujerarka, komai yagewarta komai dauɗarta, ita ce malamarka. Dan Allah kar ka bari kowa ya yar da ita sai an gama aiki kaf.

Ka ɗauki waya ka yi ta ɗaukar hoto, gaba da baya da gefe, ka kifa kujerar ka ɗauki ƙasanta, duk inda ka ga an maƙale wani abu ka ɗauka kusa-kusa. Za ka ce ai zan tuna. Ba za ka tuna ba wallahi, bayan kwana goma duk ƙarafan nan kama da juna suke yi.

Cire kujerun gaba ba wani abu ba ne, ka tura kujera baya can ƙarshe notocin gaba su bayyana ka kwance, ka dawo da ita gaba ka kwance na baya. Matsalar dai tsatsa ce. Motar da ta daɗe a ajiye notocinta sun riga sun auri ƙarfen, in ka sa ƙarfi kan ya murje ko ya karye a ciki ka jawo wa kanka wani aikin. Tun daren jiya ka ɗiga musu man birki ko kalanzir ko ka fesa WD-40, da safe ka ɗan bubbuga da guduma, sannan ka sa sufana mai zobe wadda ta yi daidai cif, ba mai buɗaɗɗen baki ba. Notocin kowace kujera a leda daban, ka rubuta a jiki. Na bel ɗin ɗaura jiki kuma ka ware su musamman, su ba irin sauran ba ne, ƙarfensu ya fi ƙarfi zarensu ma daban ne, in ɗaya ya lalace ka nemo irinsa a wajen masu kayan gwangwan, kar ka cusa na kanti. Ta baya mazaunin ake fara ɗagawa sannan majinginar ta biyo, in ka ji ta ƙi fita ka leƙa ta cikin but ka gani ko akwai abin da ya riƙe ta, kar ka fizga. Tunda kujeru sun fita ka ɗaga kafet ka duba ƙasan motar, musamman daidai inda ƙafafun kujera ke zama. Tamu nan muka tarar da rami ya isa a zura yatsa uku, sai da aka koma wajen mai walda.

Yanzu sai tuɓe wa kujera riga, kuma nan ne mai gaggawa yake yin ɓarna. Ka sa takunkumi a hanci, don tsohon soso gari yake zama kamar garin kwaki, ga ƙura ta shekara da shekaru, mu har sheƙar ɓera muka samu a cikin kujerar baya da ɓawon gyaɗa da guntun takardar makaranta. Ka fara raba mazauni da majingina ta wajen ƙarfen da ake kwantar da kujera da shi, ka cire hannayen roba da murfunan gefe a hankali, don robar da ta sha rana shekara talatin kamar biskit take, kuma samun irinta sai an sha yawo a Panteka ko Ƙofar Ruwa. In ka kifa mazaunin za ka ga bakin rigar an kama shi da jikin ƙarfe da wasu 'yan ƙananan zobba na waya, da yawa, a jere. Da filaya mai yanka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana datsewa, ba yaga rigar za ka yi ba. Ka lura da tazarar da ke tsakaninsu. Da ka naɗe rigar sama kuma za ka ji ta maƙale a tsakiya, kar ka ja, akwai wasu dogayen wayoyi da aka zura cikin aljihun yadi a bayan rigar aka ɗaure su ta cikin soso, su ne suke jan rigar ciki su ba kujera wannan kwarin da ke raba tsakiya da gefe. Wayoyin nan ka adana su. Wanda ya fara yi min aiki ya zubar da su ne shi ya sa kujerar ta fito a kumbure kamar burodi.

Da ka kai ga ƙarfe tsirara ka tsaya ka yi masa kallon tsaf. Dattijon nan da na koya a wajensa cewa ya yi da ni, "Ɗana, riga ado ce, ƙarfe da soso su ne kujera," kuma haka ɗin ne. Ka dafa ƙafa a kai ka murɗa majinginar hagu da dama, in akwai tsagewa za ka gan ta tana buɗe baki, yawanci a kusurwar ƙasa ta ɓangaren direba inda ake dannewa in za a fita, ko kuma kusa da wajen kwantarwa. A yi walda, amma fa sai an cire duk wani ɓurɓushin soso, don soso in ya kama wuta ba ya jira kuma hayaƙinsa guba ne. Sifirin ko wayoyin da ke ƙarƙashi ka bi su da hannu, wanda ya karye ko ya saki a canja, kuma kar ka yarda a yi wa sifirin walda, zafi yana kashe masa ƙarfi, sati ɗaya zai sake karyewa a gefen waldar. Gara ka sayo wata matacciyar kujerar 504 a wajen 'yan gwangwan ka ciri na jikinta. Sai a goge tsatsa da buroshin waya da samfefa, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, a bi da baƙi, a bar shi ya bushe sosai kwana ɗaya ko biyu. Ƙarfen da kujera ke zamewa a kai ka wanke tsohon giris ɗin da kalanzir, za ka sha mamakin abin da zai fito, yashi da kwabbai da tsinken sakace, ka sa sabon giris kaɗan. Ka gwada abin kwantarwa ka tabbata yana kamawa a kowane haƙori, don kujerar da za ta kwanta da kai kana tsakiyar tuƙi ba abin wasa ba ce.

Maganar soso kuma ita ce inda ake cutar mutane, saboda ba a ganinsa in an rufe. Ka danna tsohon da babban yatsa, in ya dawo nan take kuma ba ya zubar da gari to yana da sauran rai, faci kawai yake so. In ya lotsa ya zauna ko yana marmashewa, sai sabo. Soso ana auna shi ne da densiti, wato nauyinsa a kowace mita kubik, na mazaunin mota ana so ya kai kamar kilo 35 zuwa 45, wanda ake yi wa katifar 'yan makaranta bai kai rabin haka ba wani lokacin, kuma shi ne masu son riba suke cusawa. In ba a rubuta a jiki ba ka ɗaga guda biyu masu girma ɗaya, wanda ya fi nauyi shi ne naka. Kuma ka sani tauri daban nauyi daban, akwai soso mai tauri kamar katako ranar farko amma ba shi da nauyi, wata uku ya mutu.

Yadda muka yi tamu, a kan sifirin mun fara shimfiɗa buhun algarara ninki biyu muka ɗaure, don kar waya ta riƙa yanka soso daga ƙasa. A kai muka ɗora mai nauyin, sannan a can sama siriri mai laushi kamar rabin inci don ya ɓoye gaɓoɓi. Majingina ba ta son mai tauri irin na mazauni, bayanka zai gaya maka kafin ka kai Zariya. Wajen yanka, wuƙar burodi mai haƙora ko bakin zarton ƙarfe ya fi reza, sai a sassaƙe siffar da samfefa mai kaushi ko giranda a hankali. In faci ne, misali gefen kujerar direba da ya cinye, ka yanke wurin da ya mutu a miƙe ka manna sabon guntu wanda ya ɗan fi girma sannan ka sassaƙe ya yi daidai da na ɗaya gefen. Gam ɗin da ake amfani da shi irin na masu takalmi ne, Evo-Stik da danginsa, a shafa wa fuska biyun a bari ya sha iska kamar minti goma har in ka taɓa ba ya bin yatsa, sannan a haɗa. A waje ake wannan aiki ko inda iska ke shiga, kuma ba mai kunna sigari a kusa. Abu ɗaya da mutane ke mantawa shi ne tsayi. Kowa so yake a cika masa soso kujera ta yi tudu, to ka tuna sitiyarin 504 babba ne, in ka ƙara inci biyu cinyarka za ta riƙa gogarsa, in kana da tsawo hularka ta riƙa taɓa silin. Kafin a sa riga ka mayar da kujerar cikin mota haka nan da sosonta ka zauna ka taka kuloci ka gani.

Sai zaɓen abin da za a yi rigar da shi, leda ko yadi ko fata. Ni dai ra'ayina ka bi abin da motar ta zo da shi, launi da tsarin ɗinki duka. Na ga wata 504 fara tas an yi mata kujeru ja da baƙi da ɗinkin daimon irin na motocin zamani, kai ka ce an sa wa tsoho wandon 'yan ƙwallo. Kuɗinka ne motarka ce, amma in niyyarka ka dawo da ita yadda take ne, to layi-layin nan nata na asali ya fi komai kyau, in ka tashi sayarwa ma shi masu sanin mota ke dubawa.

Leda ita ce mai sauƙin wanki da sauƙin kuɗi, aibinta zafi, duk wanda ya taɓa zama a kan baƙar leda da azahar a watan Afrilu a Sakkwato ya san zancen. Yadi ya fi sanyi amma yana shan ƙura da gumi da man ƙosan yara. Da yawa suna haɗawa, yadi a tsakiya inda jiki ke taɓawa leda a gefe, kuma dabara ce mai kyau. In za ka sayi leda ka juya bayanta, mai kyau tana da saƙaƙƙen yadi a manne, ka ninka ta ka matse, in wurin ya yi fari ko ya bar tabo ajiye musu kayansu. Ka ce ta mota kake so ba ta kujerun falo ba, don ta falo ba a yi ta don rana ba, shekara ɗaya za ta fara tsagewa tana ɓarewa. Fata kuwa, mu da muke da majema tun kaka da kakanni sai mutum ya ce ai a gida take, to fatar akuyar nan ja ta Sakkwato da duniya ta sani ƙarama ce kuma siririya, ta jaka ce da takalmi da bangon littafi, wadda aka jeme da bagaruwa kuma in ta sha rana da gumi bushewa take ta ƙandare. Ta kujerar mota fatar sa ce jemar kamfani, kaurinta milimita ɗaya da ɗan wani abu, kuma kafin ka rufe mota guda sai ka sayi shanu biyu ko uku, wato fatunsu. Ni leda na saya ruwan ƙasa. Faɗin bandir ɗin leda yawanci inci 54 ne, tamu salun ta ci yadi tara har da ɗan saura, amma kar ka bi lissafina, ka jera samfur ɗinka, wato siffar ƙyallayen tsohuwar rigar da za ka ciro, a ƙasa ka auna ka ƙara yadi ɗaya don kuskure. Kuma ka saya duka lokaci ɗaya daga bandir ɗaya, in ka koma ƙari bayan sati biyu za a ba ka mai suna iri ɗaya amma in rana ta haska sai ka ga launin ya bambanta. In bangon ƙofofi ma za ka yi ka sa su cikin lissafi tun yanzu.

Cire samfur shi ne aikin da ya fi cin lokaci kuma shi ya fi muhimmanci. Kafin ka farke ɗinki ko ɗaya ka ɗauki maka, wato biron nan mai kaurin baki, ka rubuta wa kowane ƙyalle lamba a bayansa, ka zana kibiya mai nuna sama, sannan duk inda ƙyalle biyu suka haɗu ka ja 'yan gajerun layuka da suka ratsa ɗinkin, kamar kowane inci huɗu, da kuma kowace kwana. Waɗannan alamomin su ne za su nuna maka inda wannan zai haɗu da wancan in ka zo ɗinki, in babu su sai ka kai ƙarshen layi ka ga ɗaya ya fi ɗaya tsawo da inci guda ka rasa inda ya tafi. Sai ka bi da reza kana yanke zare kawai. Ƙyallayen za su fito a lanƙwashe, na yadi ka goge su da dutsen guga, na leda ka shanya a rana su yi laushi ka danne da katako. Ka ɗauki samfur daga kujerar mai zaman banza, don ita ba ta sha wuya kamar ta direba ba, in ka zo yin ta direba sai ka kifa samfur ɗin, amma ka duba inda ramukan hannaye suke. Ni da aka zubar min da na gaba, sai da muka sayo wata yagaggiyar kujera a Panteka don rigarta kawai.

Ka zana a kan kwali tukunna kafin ka taɓa sabuwar leda. Inda tsohuwar ta miƙe ta yi tumbi ka gyara layin, in ƙyallen mai gefe biyu iri ɗaya ne ka ninka shi biyu ka ga ko sun yi daidai. Ramukan tsohuwar allura su ne ainihin layin ɗinki, daga nan za ka bar rabin inci na kalmasa ko'ina, kar wani wuri ya fi wani. Leda tana miƙewa ta gefe ɗaya fiye da ɗayan, ka ja ka ji, sai ka jera ƙyallayen duka su kalli hanya ɗaya, ko da hakan zai ci maka yadi. In yadi mai gashi-gashi ne kamar karan-miski, ka shafa da hannu, gashin ya kwanta zuwa ƙasa a majingina, zuwa gaba a mazauni, in ka juya ɗaya zai fito kamar launinsa daban. Da alli ko biro ake zane a bayan leda, kar ka sa maka mai ƙarfi, tawadarsa tana iya hudowa ta gaba daga baya.

Ɗinki kam gaskiya keken gida irin Butterfly ba zai iya ba, ko ya iya layi ɗaya da ya zo inda leda ta ninku huɗu ga soso ga faifin, wato igiyar adon da ke bin bakin ɗinki, zai tsaya yana karya allura. Babban keken masu kushin ake so, mai ƙafar da ke takawa tana jan kaya sama da ƙasa tare. In ba ka da shi ka yi duk sauran aikin ka kai musu ɗinkin kawai. Allura babba, lamba 20 ko 22, zare mai kauri na nailon ko foliyesta, foliyesta ya fi jure rana. Taku ya zama mai faɗi, kamar milimita 4 zuwa 5, don in ka matse shi irin na kaftani ka yi wa ledar layin ramuka ne kamar takardar rasit, ranar da mai ƙiba ya zauna ta nan za ta yage. Kuma leda ba ta yafiya, duk inda allura ta shiga ramin ya zauna, ba a farkewa a sake kamar shadda, saboda haka ka gwada a guntu tukunna. Kar ka kama da fil, ka sa sitefila a can bakin kalmasa inda ba za a gani ba.

Layi-layin tsakiya su ake fara yi. Za ka manna ledar sama-sama a kan siririn soso mai yadi a bayansa, in babu irinsa ka sa ƙyalle a ƙarƙashi don zare ya samu abin kamawa, ka zana layukan daga tsakiya zuwa gefe ka ɗinke duka ta hanya ɗaya, sama zuwa ƙasa, in kana zuwa kana dawowa zai murɗe. Ka yanka wannan ƙyallen da girma fiye da samfur, don kowane layi yana cin faɗi kaɗan, sai an gama ɗinke layukan sannan ka ɗora samfur ka yanke daidai. Faifin kuma igiya ce ake naɗewa da siririyar leda, a fara ɗinke shi a jikin ƙyalle ɗaya sannan a haɗa da na biyun, a kwana ka ɗan tsattsaga bakinsa da almakashi don ya lanƙwasa. Kar a manta da aljihunan wayoyin nan da na ce ka adana, da yadi mai ƙarfi ake yin su, a daidai inda tsoffin suke.

Ranar sa riga ka zaɓi rana mai zafi, wannan kam Allah ya hore mana. Ka shanya rigar minti ashirin ta yi laushi kamar ganda. Ka juya ta bai-bai, ka fara ɗaure wayoyin tsakiya tukunna, daga tsakiya zuwa waje, sannan ka naɗo gefunan su rufe soso. Majingina ita ce mai gardama don kamar safa ake zura ta, dabarar ita ce ka rufa wa soson siririyar ledar shago a kafaɗu, sai rigar ta zame salin-alin, in ta shiga ka zura hannu ka yage ledar ka fitar, in ka bar ta za ta riƙa ƙara duk lokacin da ka jingina. Ka zura hannu ka kwantar da kalmasar ciki duk ta kalli gefe ɗaya, in ba haka ba faifin zai yi ta karkace kamar maciji. Wajen ɗaurewa a ƙasa kar ka fara daga kusurwa ka zagaya. Zobe ɗaya a tsakiyar gaba, ɗaya a tsakiyar baya, ɗaya hagu ɗaya dama, ka juyo ka duba layukan sun miƙe, sannan ka ci gaba kana cikewa kaɗan nan kaɗan can. Zobban suna da filayarsu ta musamman mai kwari a baki, in ba ka samu ba igiyar roba mai haƙori da masu wayarin ke ɗaure waya da ita tana yi, har ma ta fi daɗi a wayoyin tsakiya don za ka iya sa su duka sako-sako sannan ka bi kana ja daidai wa daida. Mutum biyu ake so, ɗaya ya danne soso da gwiwa ɗaya ya ja ya ɗaure.

Ramukan hannaye da na abin tokare ƙeya su ne na ƙarshe. Sai riga ta zauna daram, ka lalubo ƙarfen da yatsa, ka yi ɗan ƙaramin yanka a kansa, ƙarami fiye da yadda kake zato, ka tura ya fito. Na ga yaron shago ya huda tun rigar tana kan tebur, da aka ja sai ramin ya sauka inci ɗaya ƙasa da inda ake so, dole aka sake ƙyallen gaba ɗaya. In ka ga 'yar tattara kar hankalinka ya tashi, ka bi ta da diraya daga nesa kana shafawa da tafin hannu, ko ka bar kujerar a rana, yawanci cikin sati take bajewa. Wadda ta ƙi bajewa soso ne ya yi kaɗan a wurin, a buɗe a cusa siriri.

In kuma kaiwa za ka yi a yi maka duka, to ka sayi soso da leda da kanka, ka je ranar da za a tuɓe kujerun ka ga ƙarfen da idonka, ka sake komawa kafin a rufe soso. Ka ce a ajiye maka tsohuwar riga a buhu. Kar ka biya duka a farko, kuma kar ka kai aiki ana saura sati biyu sallah, lokacin kowa kujerun falo yake kaiwa, taka yaran shago za a bar wa. Wannan duk na tsofaffin motoci ne irin 504 da ba su da jakar iska a jikin kujera, motar zamani mai ita a gefen majingina ɗinkinta na musamman ne, ba a yi mata wannan aikin a gida.

Wajen mayarwa ka ɗaura notocin duka da hannu tukunna kafin ka ɗaure ko ɗaya tamau, ka tura kujerar gaba da baya ka ji ba ta cijewa, sannan ka bi su da sufana. Ka lulluɓe ƙafafun kujerar da tsumma lokacin shigarwa, ni garin rawar jiki na karce sabon fentin bakin ƙofa, har yau in na buɗe sai idona ya kai wurin. Shara kuma ruwa da ɗan sabulu a tsumma ya isa, kar ka sa fetur ko man da zai sa ta ƙyalli, ka samu kwali ko abin tare rana ka riƙa sawa a gilashin gaba in za ta daɗe a waje. Ranar da muka gama na ɗauko Hajiyarmu na zagaya da ita unguwa, ta shafa kujerar ta danna ta sake dannawa, ta ce ta Malam ta fi wannan laushi, wai a rage tauri. Na ce Hajiya ki ba ta wata shida.